Muryar Mai Gwanjo

Duk wanda ya san Baba, muryarsa ya fara sani kafin fuskarsa. Gwanjon tsofaffin kayan gida yake yi, a wani dogon shago mai rufin kwano bayan tashar mota, inda kujeru da gadaje da firji da kekunan ɗinki suke jibge suna jiran sabon ubangida. Ranar gwanjo idan ya hau benci ya ce, "Wa zai ƙara?" har masu facin taya a bakin titi sai sun ɗago kai. Bai taɓa riƙe lasifika ba, wai wannan kayan ragwaye ne. Abokan sana'a ma sun manta sunansa na yanka, Tsawa kawai suke ce masa.

To, muryar nan ce ta dishe. Ba mura, ba zazzaɓi, ba ciwon maƙogwaro. Ya dai wayi gari wata rana yana magana kamar ana jan buhu a kan siminti, aka ce gajiya ce, zai warware. Wata ya wuce, wani ya biyo bayansa, shiru kake ji. Mama ta dage da zuma da citta da lemun tsami, har labulen gidan suka ɗauki ƙamshin citta. Kawu, ƙanin Mama da ke taya Baba aiki a shago, shi ya karɓi hawa benci da 'yar muryarsa, masu saye suna ta ce masa ya buɗe baki ya yi magana. Shi kuwa Baba ba mutumin zama ba ne. Tunda baki ya ƙi aiki, sai ya mai da ƙarfinsa kan ɗaukar kaya. Yana shiga cikin leburori ana ciccibar kabad da injin wanki, yana cewa ai hannu bai dishe ba.

Autarsa tana shekara ta biyu a karatun likita, daga gida take zuwa makaranta kullum. A gidan ba a kiranta da komai sai Auta, in kuma ana so a tsokane ta a ce Likita. Tsokanar kuwa tana da tushe, gaskiya ɗaya ce. Yarinyar nan duk babin da suka shiga a makaranta sai ta dawo gida ta samo mai ciwon. Da suka yi karatun wuya, ta lalubo wani ɗan ƙulli a ƙarƙashin haɓar Mama, ta yi ta kuka har sai da Baba ya rufe shago ranar gwanjo aka tafi asibiti, aka yini a layi, ƙarshe aka ce haƙori ne ya ruɓe. Da suka yi na fata, tawadar Allah da Yayanta ya zo duniya da ita ta hana shi sakat. Kawu kuwa rawar hannunsa ta sa wa ido, alhali kowa ya san shayi ne ya yi masa yawa. Tun daga nan da ta buɗe baki za ta yi maganar lafiya sai Yaya ya ce, "Kowa ya ɓoye jikinsa, an shiga sabon babi." Ita ma ta ɗauki alwashin ta daina, don kunya ta ishe ta.

Ranar da hankalinta ya tashi suna ɗakin fiɗa ne, inda ɗalibai ke koyon sassan jiki a kan gawa. Teburan ƙarfe a jere, fankoki suna juyawa a banza, warin maganin da ake jiƙa gawarwakin da shi yana sa ido hawaye. An riga an yanke haƙarƙarin gaba an ɗage shi kamar murfin akwati. Malamarsu wata siririyar mata ce mai kaifin harshe. Ɗalibai suna ce mata Tsinke a bayan idonta, saboda jikinta da kuma ɗan tsinken ƙarfen da take nuni da shi.

"Kowa ya ɗora hannu a kan zuciyarsa," in ji ta.

Duka suka dafa hagu.

"Mawaƙa sun cuce ku. Ku dawo da hannun tsakiya, kan ƙashin ƙirji. A bayansa take zaune, ƙarshenta kawai ya karkata hagu." Ta sa tsinken tsakanin huhun biyu. "Ku ɗauka ƙirji gida ne mai ɗaki biyu, huhun dama da huhun hagu. Tsakaninsu akwai wani siririn lungu, daga ƙashin ƙirji zuwa ƙashin baya. A lungun nan aka cusa zuciya cikin jakarta, da manyan hanyoyin jini masu shiga da masu fita, da bututun iska, da bututun abinci a bayansa. Ko allura ba ta da wurin zama. Duk wanda ya yi ƙiba a nan, ƙafar maƙwabcinsa zai taka."

Ta nuna musu babbar jijiyar jini, wadda ke fitowa daga saman zuciya. Kaurinta ya kai na tiyon ban ruwa, ta hau sama kaɗan, ta lanƙwasa kamar mariƙin lema, sannan ta gangara ta baya. Daga ƙarƙashin lanƙwasar Tsinke ta zaƙulo wani farin zare siriri, ta ɗaga shi kowa ya gani.

"Wannan jijiyar ba jini take ɗauka ba, saƙo take ɗauka. Daga ƙwaƙwalwa aka aike ta zuwa akwatin murya, nan a maƙogwaro. Tafiyar ba ta da nisa. Amma ta hagu sai ta wuce ƙofar gidan ko sallama babu, ta gangaro har cikin ƙirji, ta zaga ta ƙarƙashin wannan lanƙwasa, sannan ta sake hawa sama. Irin yaron da za ka aika maƙwabta ya bi ta kasuwa." Aka yi dariya. "Ku yi dariyarku, amma ku riƙe wannan. In dattijo ya zo muku da murya a dishe wata da watanni, ba mura ba komai, kada ku tsaya leƙen wuya kaɗai. Ku sauka ƙirji. Wataƙila wani abu ne ya kumbura a lungun nan yake jan zaren."

Auta ba ta yi dariya ba. Baba ne ya faɗo mata a rai. Abu na farko da ta gaya wa kanta shi ne, kin fara ko. Ta tuna da haƙorin Mama, ta tuna da tawadar Yaya, ta yi ƙoƙarin mai da hankali kan abin da ake cewa game da ɗakunan zuciya huɗu da ƙofofinsu. Ina. Idonta ya ƙi barin farin zaren nan.

Da aka tashi ta tsaya har kowa ya fita. Tsinke tana wanke hannu a famfo. Auta ta matsa kusa tana in'ina, ta ce wai wani maƙwabcinsu ne muryarsa ta daɗe a dishe.

"Maƙwabcin naku yana da hawan jini?"

"An taɓa ce masa yana da shi. Ya sha magani na ɗan lokaci ya bari."

"Wace sana'a yake yi?"

"Yanzu kaya yake ɗauka. Masu nauyi."

Tsinke ta rufe famfon, ta dube ta sama da ƙasa. "Ni da matattu nake koyarwa, ba na duba masu rai. Abubuwa da yawa suna dishe murya, kuma galibinsu ba abin tsoro ba ne. Amma in babbar jijiyar ce ta kumbura, yunƙuri ɗaya ya isa ya fasa ta, kuma in ta fashe ba kasafai ake kaiwa asibiti ba. Ki kai babanki a ɗauki hoton ƙirjinsa. Kafin nan kada ya ƙara ɗaga komai."

Da yamma ana cin abinci a falo, ta zuba wa Baba ido irin yadda ba ta taɓa yi ba, abin da ta gani kuwa bai yi mata daɗi ba. Duk lomar da ya kai sai ya bi ta da ruwa yana ɗan miƙa wuya. Naman da Mama ta sa masa ya tura gefen kwano, mutumin da a da har ƙashi yake taunewa. Ga wani busasshen tari da yake yi jefi-jefi, mai ƙara kamar an buga gwangwani. Yaushe duk wannan ya fara? Ita da take ganin ciwo inda babu shi, ga abu a gaban idonta wata da watanni ta kasa gani. Haushin kanta ya kama ta.

"Baba," ta ce, "ina so mu je a ɗauki hoton ƙirjinka."

Yaya ya aje cokali. "Madalla, an sauko daga wuya. Saura ciki. A gaya wa Kawu ya shirya."

"Ba wasa nake ba, Yaya."

"Ran haƙorin Mama ma ai ba wasa kike ba."

Ta fara bayani, amma sai maganar ta fito a hargitse, zare da lanƙwasa da lungu duk a cakuɗe. Tana sauri don kada a katse ta, har ta kai ga kalmar fashewa. Nan fuskar Mama ta canja.

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji Mama. "Mutum yana zaune lafiya yana cin abincinsa, ki zo kina kira masa abin da Allah bai kawo ba? Murya a maƙogwaro take, ko ɗan goye ya san wannan. Me ya haɗa kifi da kaska?"

Baba ya ɗaga hannu. Yanzu in zai yi magana sai kowa ya yi tsit kafin a ji shi.

"Ku ƙyale ta, ƙauna ce." Ya yi mata murmushi. "Amma Auta, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Bari ki gama karatun tukuna, in na tsufa sai in ba ki jikin ki yi ta gwaji."

Ta tashi ta bar abincin. Abin takaicin shi ne rabin zuciyarta ta yarda da su. Sau uku ta tayar da gidan nan a banza, me zai sa na huɗu ya zama daban? In ta matsa aka je aka ce ba komai, har abada ba mai sake sauraronta, ko da ta zama likitar da gaske. In kuma ta yi shiru, ta san abin da Baba yake ɗauka kullum a shago, ta kuma ji abin da Tsinke ta ce.

Washegari tana zaune a aji, malami yana ta magana, ita ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba. Kafin azahar ta tattara littattafanta ta fice, ta hau mota zuwa shago.

Jajibirin gwanjo ne, wata babbar mota ta kawo kayan wani ofis da aka rufe. Ta iso daidai ana sauke wani tsohon janareto ta kan katako. Leburori biyu suna sama suna riƙe da igiya, Baba yana ƙasa shi kaɗai, inda duk nauyin yake. Ya tokare ƙafa, ya riƙe numfashi, jijiyoyin wuyansa sun yi ruɗu-ruɗu, fuskarsa ta yi duhu. Ta buɗe baki za ta yi ihu, sai ta ji tsoron kada ya firgita ya ƙara yunƙuri. Haka ta tsaya a bakin ƙofa ta toshe bakinta da hannu, tana kallon ƙirjinsa, tana ganin abin da ke bayan rigar kamar yadda ta gan shi jiya a kan teburin ƙarfe. Janareton ya sauka ƙasa lafiya. Leburorin suka ce, "Sai Tsawa," ya ɗaga musu hannu yana dariya marar sauti.

Daga nan ya zaga bayan layin kabad-kabad, inda yake zaton ba mai ganinsa. Ta bi shi a hankali. Ta same shi ya jingina da ginshiƙi, ya runtse ido, ya kai hannu baya yana danna tsakanin kafaɗunsa. Da ya buɗe ido ya gan ta, sai ya yi maza ya sauke hannun, ya mai da shi susar ƙeya.

"Ba makaranta yau?"

Ta matso kusa da shi. Ta san in ta sake yin irin bayanin jiya, irin amsar jiya za ta samu. Ta waiga cikin tarkacen shagon, ta zare tiyon wani tsohon injin wanki mai lanƙwasa a kai, ta kwance igiya daga wani tarin labule.

"Baba, riƙe min wannan a ƙirjinka. Haka, lanƙwasar tana sama."

Ya riƙe, yana kallonta irin kallon da ake wa yaro mai wasan ƙasa. Ta ɗora kan igiyar a bayan kunnensa na hagu, ta gangaro da ita ta gefen wuya har ƙirji, ta zura ta ƙarƙashin lanƙwasar tiyon, ta sake hawa da ita sama zuwa maƙogwaronsa. Ta sa ƙarshen tsakanin yatsunsa biyu.

"Tiyon nan jini ke bi ta cikinsa daga zuciya. Igiyar nan kuwa ita ke kai wa muryarka saƙo. Haka take a jikin kowa, jiya na gan ta da idona. To, ka ce tiyon ya tsufa, ruwa ya yi masa ƙarfi, ya yi ciki a nan."

Ta dunƙule hannu ta cusa shi a ƙarƙashin lanƙwasar, tsakanin tiyo da igiya, ta danna ƙasa a hankali. Igiyar ta miƙe, ta ɗaure, ta fara zamewa daga yatsunsa. Ya ƙara matsewa. Ta ƙara dannawa kaɗan, igiyar ta suɓuce ta faɗo.

Baba ya dubi igiyar da ta faɗo. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana ɗaure kaya a kan mota, ya san in igiya ta fara cin hannunka ba hannun ne da laifi ba, can ƙasa ne kaya ya motsa. Ya daɗe yana kallon tiyon. Daga gaban shago ana jiyo Kawu yana faɗa da leburori a kan wata kujera da suka karya wa ƙafa.

"Bayana yana ciwo," ya ce a ƙarshe. "Tsakanin kafaɗu. Kamar an kafa min ƙusa."

"Tun yaushe?"

"Ya daɗe."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Uwarki ta ƙara min citta?"

Ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga dariyar fitowa. Ya miƙa mata tiyon, ya goge hannunsa a jikin wando.

"Za mu je. Amma kada uwarki ta ji, kada Yayanki ya ji. In likitoci suka ce wannan ma haƙori ne, daga ni sai ke muka sani."

A lokacin ne ta gane ba kansa yake ɓoyewa ba, ita yake karewa daga dariyar gida. Tun daga ranar kuwa addu'arta ɗaya ce, Allah ya sa ita ce ta yi kuskure, a yi mata dariya har ta tsufa.

Asibiti ba a rana ɗaya ake gamawa ba. Suka yi ta zuwa suna dawowa, Mama tana zaton kayan wani gida suke zuwa dubawa. Likitan maƙogwaro ya zura wa Baba wani siririn bututu mai fitila ta hanci, ya ce ya yi ƙoƙarin jan sauti. A kan allo Auta ta ga tantanin murya guda biyu, na dama yana buɗewa yana rufewa, na hagu ya tsaya cak ko motsi ba ya yi. Likitan ya tura su ɗaukar hoton ƙirji. Mai ɗaukar hoton ma da ya duba abin da ya fito, sai ya daina hirar da yake yi, ya ce su jira. Daga nan aka tura su wata na'ura mai rami a tsakiya, aka kwantar da Baba aka tura shi ciki. Ba wanda ya yi musu dariya a ko'ina, kuma kowane ɗaki suka shiga sai ta ga an fi na baya yi musu ladabi. Ladabin nan ya fi komai ba ta tsoro.

A ƙarshe aka shigar da su wurin likitan zuciya, wani dattijo mai furfura da ba ya gaggawar magana. Ya juyo musu da allon da ke kan teburinsa. Auta ba ta buƙaci bayani ba. A littafinta inuwar da ke tsakanin huhu biyu siririya ce daga sama, sai ta zo kan zuciya take faɗi. A hoton Baba saman ya buɗe ya turo gefen hagu, kamar maciji ya haɗiyi ƙwai.

Likitan ya bi hoton da bayan alƙalami. Ya nuna wa Baba zuciyarsa a tsakiya, da babbar jijiyar da ta fito daga cikinta, da inda bangon jijiyar ya yi laushi ya kumbura a daidai lanƙwasa. Kumburin ne ya ja jijiyar murya, shi ne kuma yake danna bututun abinci ta baya, shi yake taɓa bututun iska ya sa tari. Baba yana ta gyaɗa kai, don duk ya riga ya ji wannan a bayan kabad-kabad.

"Wa ya ba ku shawarar zuwa?" in ji likitan. "Irin wannan sau da yawa ba ma ganin masu shi da ƙafafunsu."

Baba ya nuna Auta da haɓa. "Likitar gidanmu ce."

Karon farko ke nan da aka kira ta haka babu tsokana a ciki, ta kuma ji ba ta taɓa ƙin wata kalma kamar wannan ba. Likitan ya ce ta yi kyan kai. Ta sunkuyar da kai tana kallon takalmanta.

Ya ce aiki za a yi. Za a buɗe ƙirjin ta tsakiya, a yanke wurin da ya kumbura, a ɗinka wani bututu a madadinsa. Aiki ne babba, kuma ba zai ɓoye musu ba, yana da hatsari, amma barin abin ya fi hatsari nesa ba kusa ba. Za a sa rana ba da daɗewa ba. Kafin nan ga maganin hawan jini, a sha shi ba fashi, kuma kada Baba ya ɗaga abin da ya fi butar shayi nauyi. Ya maimaita wannan sau biyu yana kallon kafaɗun Baba.

"Murya fa?" in ji Baba. "In an gyara, za ta dawo?"

Likitan ya fara kewaye-kewaye, wai a fara da abin da ya fi muhimmanci, sauran za a gani daga baya, akwai dabaru. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya juya ga 'yarsa.

"Ke gaya min."

Ta so ta ce ba su kai wannan babin ba. Ta so ta ce in Allah ya yarda ta yi shiru. Amma da gaskiya ta kawo shi ɗakin nan, ba ta ga yadda za ta fitar da shi da ƙarya ba.

"Igiyar ta daɗe a jaye, Baba. Wani lokaci tana farfaɗowa. Sau da yawa ba ta dawowa yadda take."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya yi wa likitan godiya, ya miƙe, ya gyara kujerar da ya tashi daga kai ta koma daidai inda ya same ta.

A waje rana ta take, bakin titi cike da masu jiran mota. Suka tsaya a ƙarƙashin wata 'yar rumfa. Auta tana ta tunanin da wace kalma za ta fara in sun isa gida, da kuma yadda fuskar Mama za ta yi. Kusa da su wata mata ta tsaya da wani ƙaton buhu a gabanta, ta riga ta naɗa gammo ta ɗora a kai. Ta duba cikin mutane, ta zaɓi wanda ya fi kowa faɗin kafaɗa, kamar yadda kowa zai yi.

"Bawan Allah, taya ni in ɗora."

Kafin ta rufe baki Baba ya riga ya sunkuya, hannuwansa sun kama kunnuwan buhun. Bai yi tunani ba, tunda yake bai taɓa yin tunani kafin irin wannan ba. Auta ta yar da jakarta ta cafke wuyan hannunsa da hannu biyu.

"Baba."

Ya dube ta, ya dubi buhun. Ta ji ƙarfin hannunsa a cikin nata, ta san in ya ga dama ko jin riƙonta ba zai yi ba. Yatsunsa suka saki buhun ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe a hankali ya ja da baya.

Ita ta kama wa matar. Buhun ya fi ƙarfinta, suka kai shi gwiwa ya suɓuce ya koma ƙasa. Suka sake kamawa, tana nishi, da ƙyar da jiɓin goshi suka kai shi kan gammon. Matar ta gyara tsayuwa, ta harari Baba daga ƙarƙashin kayan.

"Ƙato da kai, ka tsaya kana kallon yarinya tana fama. Allah ya sawwaƙe."

Baba ya buɗe baki ya ce wani abu. Ƙarar motoci ta haɗiye shi, ko Auta da ke kusa ba ta ji ba, matar kuwa ta riga ta yi gaba tana mita. Mutum biyu ko uku suka juyo suka kalle shi, suka kau da kai. Ya tsaya hannuwansa a sake a gefensa, kamar bai san inda zai sa su ba.

Motarsu ta zo. Jakar Auta tana nan a ƙasa inda ta yar da ita, cike da manyan littattafai. Baba ya kai hannu zai ɗaukar mata, sai ya tsaya a tsakiyar hanya, ya ɗago ya dube ta. Sai da ta kai kunne kusa da bakinsa sannan ta ji abin da yake tambaya.

"Wannan fa?"

Ta ɗaga jakar, ta auna nauyinta a hannu. Ta rataya ta a kafaɗarta, suka shiga motar.